Ɓauren Inna Tabawa

Har yau ban manta da ranar da Malam Haladu ya shigo ofishinmu na Dutse yana huci ba. Lokacin ina malamin gona mai kula da wasu ƙauyuka ta wajen Ringim, an gama girbi, masu noman rani sun fara yayyafa irin tumatir. Ku da kuka shigo aiki jiya, ku sani ba a shuka tumatir kai tsaye a gona. Sai an yi masa bedi, wato ɗan wurin renon iri, ya tsiro ya yi ƙwari, sannan a cire a dasa. Wanda bedinsa ya ƙi, ranin ya wuce shi ke nan.

To na Haladu ya ƙi har sau biyu. Abokan hira suka tabbatar masa aljanun ɓauren bayan gidansu ne, shi kuwa ya rantse sai ya sare shi. Izinin sara ya zo nema, don ba a kayar da babbar bishiya sai an sanar da hukuma. Shugabanmu Alhaji Sabo bai son dogon zance, ya ce in je in gani da idona kafin ya sa hannu.

Da na isa na tarar da rigimar ta fi ta tumatir. Ɓauren nan na mahaifiyar Haladu ne, Inna Tabawa, ungozomar garin. Da sassaƙensa take yi wa masu jego jiƙo, da shi take maganin tarin yara. Tsohuwa ta daina cin abincin kirki tun da ta ji zancen sara. Ta ce mini in dai aka kayar da shi, to a haɗa da ita. Wallahi ta ba ni tausayi.

Na zagaya bedin. Ba ya ƙarƙashin inuwa, ba tsutsa, iri kuma mai kyau ne, maƙwabta shi suka yayyafa ya fito. Sai dai ƙasar ta yi wani ja-ja, ga guntayen sassaƙe a gefe. Nan na tuna abin da aka koya mana: wasu itatuwa, har da dangin ɓaure, akwai sinadari a ganyensu da ɓawonsu da ke danne tsiron wata shuka, don kada ta yi gogayya da su. Na zargi wani abu, amma ina ni ina tuhumar uwa a gaban ɗanta?

Sai na roƙi Haladu ya ɗaga mini ƙafa. Na sa aka kawo kasko biyu, na cika su da ƙasar fadama, na yayyafa iri daga leda ɗaya. Na ce ɗaya a riƙa ba shi ruwan rijiya, ɗayan kuma jiƙon ɓaure. Haladu ya dube ni sheƙeƙe, ya tambaya ko yanzu gwamnati jego take yi wa tumatir. Na ce eh, sabon tsari ne daga Dutse. Inna kuwa har da murna ta karɓi aikin kaskon jiƙo, tana cewa za mu ga ikon Allah.

Muka kuwa gani. Ranar da na koma, kaskon rijiya ya yi kore shar, na jiƙo kuwa 'yan tsiraru ne suka leƙo, su ma a tsumbure. Na yi bayani a tsakar gida, a hankali, ban dubi kowa ba. Na ce maganin mutum daban, na shuka daban, kuma bishiyar ba ta taka ƙafa ta je bedi ba, sai dai in kai ta aka yi.

Inna ta shiga juya bakin zanenta. Can ta ce, "Ashe ni ce aljanar."

Kowace safiya, in ta tace wa masu jego, ragowar da tukar duka a bedin take juyewa, ba ta gaya wa kowa ba. Matan gida suka fashe da dariya, ni ma na kasa riƙewa. Ita ba ta yi ba. Ta dubi ɗanta ta ce, "Ka yafe ni, Haladu. Da shi na raine ka, na ɗauka su ma zai raine maka su."

Ƙaton mutumin nan mai rantsuwa sai ga shi a durƙushe yana cewa haba Inna, haba Inna, idonsa ya kawo ruwa. A ranar muka yi sabon bedi a bakin fadama, ya samu dashen ƙarshe da ƙyar. Na koma na shaida wa Alhaji Sabo babu sara, ya yi dariya har da tari.

Tun daga nan, in shuka ta ƙi, ba na tsayawa kan ƙasa da iri da ƙwari. Ina tambaya wa da wa ke taɓa gonar a cikin gidan, kuma ina tambaya da ladabi. Sau da yawa wanda ya ɓata ta shi ya fi kowa son ta yi kyau.