Usur Ɗin da Na Busa

Asabar ce, tsakiyar damina, gero ya wuce tsayin mutum. Da na idar da sallar asuba na hura ƙwallo, na rataya usur a wuya, na biya wurin Inna mai koko na ce ta ajiye mana na mutum goma sha takwas.

Ni tela ne a wani ƙauye yamma da Gwiwa. Shekara huɗu ina tara yaran da ba su da mai tsaya musu, marayu da waɗanda suka bar makaranta, muna ƙwallo a filin bayan firamare. Sharaɗina biyu ne. Wanda bai je aji ba, ba zai taɓa ƙwallo ba. Kuma in na ja usur mai tsawo, ko me kake yi ka bari, ka zo gabana da gudu. Na ƙarshe ya yi tsallen kwaɗo. Ni mafaɗaci ne, ba na ɓoyewa.

Buba ya fi ba ni wahala. Shekararsa goma sha huɗu, ɗan makiyaya, an kore shanunsu, baƙin ciki ya kashe mahaifinsa. Ya saba da daji, ba a kiransa ya amsa. Wata shida ina fama da shi, ya sha tsallen kwaɗo har na gaji. Daga baya kullum shi ne na farko. Har cika baki nake da shi a shago.

Ƙarfe bakwai muka fara. Bakwai da rabi wani ya doka ƙwallo ta faɗa can cikin geron Malam Sule. Buba ya bi ta. Gero ya rufe shi.

A lokacin na ji ƙarar mashina daga yamma, da yawa. Na ɗauka 'yan kasuwa ne. Sai harbi daga bakin masallaci. Mata suka sa kururuwa. Hayaƙi ya tashi ta wajen rumbuna.

Yaran suna warwatse a fili, kowa ya ƙame. Wallahi ban yi tunani ba. Hannuna ne ya kai usur bakina. Na ja mai tsawo.

Suka taru gabana. Na ce, "Rafi! Kada wanda ya waiwaya!" Muka yi gabas. Ni na waiwaya. Buba ya fito daga cikin gero, ƙwallo a hammata, yana gudu zuwa tsakiyar fili inda na saba tsayawa. Mashina biyu sun riga sun shigo ta bayan raga. Harbi ɗaya na ji. Ƙwallon ta ci gaba da gangarawa.

Muka faɗa rafi, ruwa iya ƙugu. Na goya Bitrus, autanmu. Ƙarfe tara muna kwance a gindin dutse, mashin ya wuce ta samanmu, na toshe bakin Bitrus da tafina. Sha ɗaya muka tashi. Ana kiran azahar muka shiga Gwiwa, babu mai takalmi.

Wata tsohuwa ta fito mana da ruwa. Ta ce, "Sannunku, 'ya'yana. Ku nawa ne?" Na jera su kamar yadda nake yi kafin wasa. Sha bakwai. Na sake ƙirgawa, alhali na sani.

Washegari muka koma da jami'an tsaro, muka rufe Buba tare da sauran mutanen garin da aka kashe. Na shiga geron Malam Sule. Na ga inda ya kwanta, shaidar jikinsa tana nan a ɗanyar ƙasa. Ba mai iya ganinsa a wurin. Da ya ji harbi ya ɓuya, kamar yadda daji ya koya masa. Da ya ji usur ya yi abin da na koya masa. Wannan ne yake cina har yau.

Yanzu a Kazaure muke zaune, kuma ba mu daina ƙwallo ba. Usur ɗin yana cikin aljihun keken ɗinkina. Da baki nake kiransu, kowa da sunansa. Ranar Asabar ina sayen koko na mutum goma sha bakwai.