Turaren Inna da Rumbun Gero

Jiya a gidan suna a Dutsin-Ma wata dattijuwa ta gifta ta gabana, sai na juya na bi ta da kallo. Ƙamshin mahaifiyata ne a mayafinta.

Mahaifiyata, Inna Dije, mai haɗa turaren wuta ce a Kurfi, tun kafin mulkin kai. Ta rasu ban gama koya ba. Na san kayanta, kajiji da farce da jawi, amma duk haɗin da na yi bai taɓa fitowa irin nata ba.

Na bi matar na gaishe ta. "Hajiya, don Allah ina kika samo turaren nan?"

"Ni na haɗa. A wurin Dije ta Kurfi na koya."

Na ce ni ɗiyarta ce, na faɗa mata damuwata.

"A ina kike ajiye shi?"

"A kwalba."

Ta girgiza kai. "Ita a rumbu take binne tulun turaren, cikin gero, sai ya kwana arba'in."

Shekaru ina bin kasuwanni, ashe abin da na rasa yana cikin rumbun gidanmu. Rumbun kuwa ya daɗe da rushewa.

Ku wane ƙamshi ne yake dawo muku da mahaifiya?