Da Wayar Baba Na Hana Mutane Zaɓe

A lokacin ina da 'yar rumfar cajin waya a Paikon Kore. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma duk wanda zai tafi gona a hannuna yake barin wayarsa, yawanci ba ko makulli. Cikinsu har da shugaban manoman unguwarmu, dattijon da kowa ke kira Baba. Ba ya karatu, kira kawai yake amsawa, ni kuma ɗana yake ce mini.

Ana jibi zaɓen ƙaramar hukuma, wani oga ɗan siyasa ya zo daga Gwagwalada. Ya ce mutanenmu ba za su zaɓi nasa ba, don haka gara su zauna a gida, kuma in na hana su fita zai sama mini aiki a sakatariya. Na ɗauki wayar Baba na rubuta a zauren unguwa na Watsaf cewa za a yi rikici a rumfar zaɓe, kada mata da tsofaffi su fita. Ba wanda ya yi musu, tunda daga lambar Baba ne. Ranar zaɓe layin ya zama fayau. Da ta bayyana cewa babu wani rikici, aka ce Baba ya sayar da mu. Ya rantse a coci, ya rantse gaban liman, aka sauke shi, har gaisuwa aka daina yi masa. Duk da haka kullum sai ya kawo mini caji, yana tambayata ko waya tana iya rubutu da kanta. Nakan ce masa sai Allah.

Aikin bai zo ba. Kujera ta koma wata jam'iyya, oga ya bi ta, wani zaɓen na matsowa ya dawo mini da irin buƙatarsa ta da. Na ƙi. Na naɗi muryata na faɗi komai, na tura zauren. Baba ya saurara sau biyu, ya karɓi wayarsa, bai sake zuwa ba. Oga ya aiko cewa in goge, in ce kutse aka yi mini, ko a rushe rumfata.

Ba zan goge ba. Su zo su rushe, katako ne da kwano. Na gane ƙarya a waya aron bakin mai mutunci take yi. Ku sa wa wayar iyayenku makulli, kuma in saƙo ya ce kada ku fita zaɓe, ku taka ku tambayi mai lambar ido da ido.