Hatimin 'Yar Tsana a Shagon Yaya

Hatimin ya shigo gidanmu ne a cikin tsarabar wata ƙawar yayata da ta dawo daga karatu a ƙasar waje. Lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, kullum ina shagon ɗinkin Yaya da ke ƙofar gidanmu a Gawon Nama, ina yi mata guga da saka maɓalli. Da Yaya ta buɗe ledar sai ga wasu 'yan katakai, kowanne an manna masa roba a ƙasa, da ɗan gwangwani mai soso jiƙe da baƙar tawada. Irin hatimin da ake buga wa takarda a ofis ne, sai dai maimakon rubutu, zanen 'yar tsana ne a jiki, doguwa, siririya, ta riƙe ƙugu.

Yaya ta ɗauki ɗaya ta jujjuya shi ta ce, "To wanga mi zan yi da shi? Ni ba yarinya ba." Ta miƙo mini.

Na sami bayan tsohuwar kalanda, na dangwala hatimin a soson, na danna. Da na ɗaga, ga 'yar tsana tsaye tsaf, har da yatsun hannu. Na sake bugawa, na sake, har takardar ta cika. Sai idona ya kai kan guntayen ƙyallen da ke zube ƙarƙashin keken ɗinki, waɗanda ni ce mai share su kullum. Na ɗauki guntun atamfa na yanka ɗan zani, na shafa gam na manna mata. Na yi mata riga da ragowar leshi, na naɗe wani siririn ƙyalle ya zama ɗankwali. Ranar ko abincin rana ban ci ba sai da Inna ta aiko kira sau da yawa.

Daga nan ba abin da na bari. Kwalin sabulu, takardar da ake naɗe turare, zaren zinariya, duwatsun da suka faɗo daga rigunan mutane, duk na tattara. Na gano ruwan zoɓo yana rina takarda ja mai kyau, lalle kuma yana ba da launin ƙasa, sai in rina kwalin in shanya kafin in buga hatimi a kai. Bangon shagon ya cika da 'yan matana.

Wata safiya Baba ya leƙo bayan ya tashi daga karatun da yake bayarwa a zaure. Ya daɗe yana kallon bangon, na ɗauka yau za a ce in tattara. Can ya ce, "Ɗiyata, tufafin kike son nunawa ko fuskar?"

Na ce, "Tufafin, Baba."

"To ki bar mata fuska ba ido ba baki, hankalina ya fi kwanciya. Aikin kam ya yi kyau."

Inna da ke bayansa ta ƙara da cewa, "Kuma wagga 'yar tsana siririya, kamar ko abinci ba ta ci. Wa kika gani haka cikin garin ga?"

Maganarsu ta buɗe mini ido. Na zauna na zana tawa 'yar tsanar, mai jiki kamar matan da ke zuwa shagonmu, fuskarta fili. Ni da Yaya muka hau Keke Napep zuwa kasuwa wajen wani dattijo mai sassaƙa hatimi. Ya karɓi zanen ya yi ta dariya, ya ce tun da yake sana'ar nan sunan kamfani da makaranta yake sassaƙawa, ba a taɓa kawo masa mace ba. Ya ce mu zauna. Muna kallo ya riƙa fere robar da 'yar wuƙarsa, yana hure ɓarɓashin. Da ya gama ya gwada a tafin hannunsa ya nuna mana. Na kusa yin tsalle a tsakiyar kasuwa.

Ba a jima ba wata ma'aikaciyar jinya daga Arkilla ta kawo leshi mai tsada, za a yi mata walimar ƙarin girma a wurin aiki. Ta duba hotunan ɗinki a wayarta, ta duba a wayar Yaya, duk ta kasa zaɓa, tana tsoron a yanka a ɓata. Na yi ƙarfin hali na ce, "Hajiya, in kin yarda in ɗan tsinki bakin leshin, in nuna miki."

Ta dubi Yaya, Yaya ta gyaɗa kai. Na buga sabon hatimina a kwali uku. Ɗaya na sa mata doguwar riga, ɗaya riga da zani mai faɗin hannu, ta ukun bubu da mayafi a kafaɗa, duk da leshinta. Ta ɗauki ta biyun ta riƙe nesa da ido, ta daɗe.

"Ai ni ce wannan," in ji ta. "Shi nike so. Kuma kwalin ga ba ni barin shi nan."

Ta sa hotonsa a wayarta, ƙawayenta suka gani. Kafin Sallah mata sun fara zuwa suna tambayar yarinyar nan mai sa wa takarda kaya. Yaya ta ware mini ɗan tebur kusa da taga, ta daina zubar da ƙyalle ko ƙanƙane. Ranar Asabar kuwa 'yan matan unguwa kan zo da almakashinsu, mu baje a tabarma, hatimi yana yawo hannu zuwa hannu, kowa yatsunta baƙi da tawada.

Da sakamakona ya fito na sami gurbin karatu, Yaya ta tambaye ni me zan karanta. Na ce zane da ƙirar tufafi. Ba ta ɗago daga keken ba ta ce, "Da ma na sani. Sai ki koya wa wata kafin ki tafi, masu kaya ba za su ƙyale ni ba."