Farin ƙyallen maƙwabcina kafinta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina kafinta, bayan doguwar jinyar huhu.

Maƙwabci, bango ɗaya ya raba shagon ɗinkina da naka, kuma duk faɗan da muka taɓa yi a kan ƙurar katakonka ne. In goge kayan mutane in rataye, kafin azahar sun yi butu-butu da ƙura. In shigo da masifa, kai kuma ka tarbe ni da dariya, gashin girarka duk garin katako. Washegari sai in tarar ka gyara mini ƙafar kujera ba tare da na roƙa ba. Tsofaffin layinmu kaɗai suka san ƙofofi nawa ka ɗaura musu kyauta.

Ba ka da saurin yarda, a nan halinmu ya zo ɗaya. Da likita ya ce ƙura ce ta cinye maka ƙirji, ka ƙudura sayen injin goge katako mai zuƙe ƙurarsa cikin jaka. Ka karɓi farin ƙyalle a wurina, muka bi shagunan masu sayarwa. Kowa ya fara zuba yabon hajarsa, sai ka shimfiɗa ƙyallen gefen katako ka ce, "Kunna mu gani." Mai arha ya mayar da shi ja. Wani mai ƙyalli ya yi ta ƙara kamar zai tashi sama, jakarsa tana yoyo. Wanda ya bar ƙyallen da farinsa shi ka ɗauka, duk tsadarsa.

Na ce maka, "Ai ka makara." Ka ce, "Ni na makara. Ƙanina fa?" Tun yana saurayi yake gefenka a shagon, yanzu ga shi da iyali, ga ɗan tarin nan da ya fara.

Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Wani dillalin kayan aiki da ba ya ko amsa sallamarka ya yi ta sintiri wurin zaman makoki, bakinsa na addu'a, idonsa na kan ƙofar shago. Ruwa ba ya tsami banza. Na kuma ji wasu cikin dangi suna cewa ba ƙura ba ce, hannu aka sa maka, don haka injin ba shi da wani amfani, a sayar a raba. Abin mamaki, masu wannan magana su ne na gani suna ƙus-ƙus da dillalin a bayan rumfa. Ban ce sun haɗa baki ba. Amma ina da ido.

'Yan uwa, gado haƙƙinku ne, ba na musu. Ku yi wa injin kuɗi ku bar wa ƙaninsa, kada ku mayar da shi cikin abin da ya kashe yayansa. Ƙyallen gwajin yana nan rataye a jikin ƙusa cikin shagon, duk mai shakka ya je ya kunna ya gani.

Allah Ya jiƙanka, maƙwabci, Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya bai wa iyalinka haƙuri. Ni na yanka likkafaninka da hannuna. Allah kada Ka sa in yanka na ƙaninka saboda ƙura. Amin.