Ranar da na tura Goggo neman ƙarin albashi

Shekara shida na yi ina koyar da 'yan aji uku a wata makarantar kuɗi da ke Ƙofar Jatau, albashina kuwa yana nan inda na same shi, ko motsi bai yi ba. Mai makarantar wata Hajiya ce, ƙawar mahaifiyata tun suna 'yan mata. Duk sanda zancen ƙari ya taso a taron malamai sai ta ce, "Bayan Sallah, in sha Allahu." Mun ci ƙarama, mun ci babba, mun sake zagayowa.

Da wata makaranta a Tudun Wada ta yi mini tayin aiki, sai na rasa sukuni. Ina son yarana, kuma daga gidanmu a Limancin Kona da ƙafa nake zuwa. Na yanke cewa in Hajiya ta ƙara ko yaya ne, zan zauna. Sai dai ni ban iya kallon idon ƙawar uwata in yi mata zancen kuɗi ba. Don haka na yi abin da kowane ɗan cikin birni zai yi, na nemi babba ya je mini. Na tura Goggo, yayar babana.

Goggo kuwa ta san kan zuwa roƙo. A tsarinta ba a faɗin buƙata a cikin ɗaki, wannan rashin ta ido ne. Za a gaisa, a yi hira, a yabi wanda aka zo dominsa har ya yi ƙamshi, sai an taso rakiya an kai bakin zaure sannan a rage murya a ce, "Af, na ce ba..."

Ta tafi da hantsi, ta dawo bayan azahar tana sakin gyatsar dambu.

Na ce, "Goggo, yaya?"

Ta ce, "Ke dai bari, 'yar nan. Na wanke ki tas. Na ce mata ke ba ruwanki da abin duniya, ko kyauta aka ce ki yi aikin nan za ki yi. Na ce haƙurinki har tsoro yake ba ni."

"To, ƙarin fa?"

Sai ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Ai gwiwa ke damunta. Ba ta yi mini rakiya ba."

Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Wato Goggo ta kwashe awa uku tana gina maganar, ta miƙe, ta sa takalmi, ta ɗan tsaya a tsakar gida ko za a biyo ta, ba a biyo ta ba, ta kamo hanya da buƙatar a bakinta. Da na yi ƙorafi ma faɗa ta yi mini, wai so nake ta zubar da girmanta a tsakiyar ɗakin mutane.

Yabon dai ya yi aiki. Ranar Litinin Hajiya ta kira sunana a gaban malamai, ta ce a yi koyi da ni, sannan ta haɗa mini da 'yan aji huɗu tunda malaminsu ya gudu. Aka yi ta tafi, ni ma don ruɗewa na taya su.

Sati biyu ina kumbure-kumbure, sannan na je gidanta da kaina. A hanya na tanadi amsoshin da zan ba ta in ta fara lallashi, har na shirya inda zan sassauto, don a raina so nake ta riƙe ni. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata ya jiki, na ce na sami aiki a Tudun Wada.

Ta murza gwiwarta. Ta ce, "To, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Sai ta matso ta rage murya. "Na ce ba, ko kin san wata mai haƙuri irinki?"

Na ce zan duba. Na kai lungun bayan gidan kafin kukan ya ƙwace mini, kuma ba na albashi ba ne.