Tukunyar Gwaggo da Farantina

A shekarata ta ƙarshe a jami'a na zo hutu gida Tibiri da ordinater ɗina, wato kwamfuta, da wani aiki da ya ƙi ƙarewa. Faranti nake gwadawa a cikin na'urar, mai hawa uku: ƙasa gasasshen yumɓu, sama ƙarfe, tsakiya gaurayensu. Ina neman inda zai tsage in ya sha wuta. Kullum jan launi, alamar wurin tsagewa, sai ya taru a mahaɗar hawa da hawa.

Da hantsi Gwaggo, ƙanwar babana wadda ke ginin tukwane, ta leƙo ta tambaye ni abin da nake harara. Na yi mata bayani.

"Ɗana, ai tsalle kake sa shi," in ji ta. "Ni gindin tukunya nake cika wa dakakken kasko, don nan wuta ke ci. In ina yin sama sai in riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. In na sake laka lokaci guda, nan take fashewa."

Nan da nan na mai da farantin hawa ashirin, kowanne ya ɗara na ƙasansa ƙarfe kaɗan, na danna. Jan ya baje, ya dushe!

Na miƙe ina ihu har kaji suka watse, na riƙe hannunta gam.

"To sake ni," ta ce tana dariya, "lakata na bushewa."

Ranar a wurinta na yini, ina auna kowane dunƙule kafin ta ɗora shi.